Ɗana, Goggonka ba ta jin yaren hoto

Zuwa ga ɗana Bashir a Yawunde,

Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Garwa lafiya lau muke, sai zafin Afrilu da ya haura digiri 40. Innarka tana gaishe ka.

Na rubuto maka a fili ne domin maganar ta shafi sa'o'inka da yawa. A kan ɗan hoton nan ne da kuke turawa a WhatsApp, na mutumin da ya harɗe ƙafafu, ya ɗora hannaye bisa gwiwa, ya yi tsit.

Ka san asalinsa tukuna. Waɗannan hotuna da ake kira imoji daga Japan suka yaɗu, inda Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999. Na mai harɗe ƙafafun kuwa sai a 2017 ƙungiyar Unicode ta shigar da shi cikin jerinsu. Zaman yoga yake nunawa, wanda mabiya addinin Hindu da na Buddha suka daɗe suna yi don tattara hankali. A shekarar ce kuma aka shigar da tafukan hannu biyu na addu'a, da mace mai hijabi, wadda wata yarinya 'yar Saudiyya mai zama a Jamus a lokacin, Rayouf Alhumedhi, ta nema aka yi. Ka ga ke nan kowane hoto yana da mutanensa da tarihinsa.

Na san ba bauta kuke nufi da shi ba. A tsakaninku ma'anarsa "ina hutawa", ko "na danne zuciyata", ko "a ƙyale ni". Idan aka ci ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport a filin Roumdé Adjia, abokai suka taso ka da tsiya, tura musu abinka, ba laifi.

Amma dubi abin da ya faru a zauren iyali na WhatsApp. Goggonka ta yi dogon saƙon murya kan bikin ƙanwarka, tana tambayar ranar zuwanka, sai ka mayar mata da hoton nan shi kaɗai. Ta zo har gida da wayar a ƙulle a bakin mayafi, ta kwance, ta kai ta dab da ido, ta ce, "Yaya, zikiri yaron nan yake yi, ko addinin 'yan fim ɗin Indiya ya shiga?" Da ƙanenka ya fassara mata, sai ta yi shiru, ta ce ashe korarta ka yi.

A garin da ake gaisawa da Fulatanci, a yi ciniki da Hausa, a cike takarda da Faransanci, mun saba duba wanda ke gabanmu kafin mu zaɓi harshe. Hoto ma harshe ne, kuma dattawa ba sa jin sa. Babba idan ya yi maka magana, da baki ake amsa masa.

Natsuwar da kake nunawa kuwa, ina so ka same ta da gaske. Bayan sallar asuba ka kife wayar, ka zauna da carbinka har gari ya waye. Wanda ya samu wannan, haƙurin sauraron Goggo ba zai gagare shi ba.

Ka kira ta yau, ka ba ta haƙuri, ka faɗa mata ranar da za ka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mu san lokacin tarbarka a tashar mota a nan Garwa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Garwa, Kamaru