Malam, Ina Nisan Gajimare?

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye, a gindin duwatsun Filato. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar yadda a ke samun ruwan sama, sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, daga nan zuwa gajimare kilomita nawa ne?" Ban sani ba, amma kunya ta hana ni faɗi. Sai na nuna ta taga, na ce, "Bai wuce tsayin dutsen can ba." Yara suka duƙa suka rubuta. Ni kuwa na koma masauki raina a ɓace, gama a makarantar mishan inda na tashi an hore mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbata ba. Ga shi na karya horon tun ban karɓi takardar shaidar malanta ba.

Da muka komo kwaleji na kai ƙarar kaina wurin malaminmu na Labarin Ƙasa. Ya yi murmushi, ya ce, "Zauna ka auna da kanka." Ya gaya mini a shekarar 2006 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta hannun shirinta mai suna ARM, ta kafa na'urorin awon sararin sama a filin jirgin saman Yamai, babban birnin Nijar, suka yi wajen shekara guda suna aiki. Awon yana nan ajiye a intanet, wanda ya yi rajista ya kan ɗauka kyauta. Yamai da nisa, amma iskar hunturu da ta damina da ke ratsa su, su ne ke ratsa mu.

Biyu daga cikin na'urorin su ne abin bukatata, watau radar da lidar. Dukansu sama su ke duba, aikinsu kuwa kamar na yaron da ya yi ihu a gindin dutse ya saurari amsa-kuwwa. Radar tana aika igiyar rediyo gajeriya, wajen milimita 3. Lidar kuwa koren hasken lesa ta ke harbawa. Duka biyu suna gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka in an san lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta komo, an san nisan abin da ta taɓa.

Na zaci da na buɗe fayil ɗin zan ga hoto. Ashe tulin lambobi ne, an ɗure su cikin wani tsari da a ke kira netCDF. A ɗakin kwamfuta Malam ya buɗe mini baƙin allo, babu hoton da za ka taɓa, sai wani ɗan haske yana ƙiftawa, yana jiran ka rubuta umarni. Na farkon da ya koya mini shi ne ncdump -h, wanda ke nuna kan fayil: sunan kowane awo, da ma'auninsa, da sauran bayani. Na ga abin da yawa, na tsallake. Sa'an nan muka rubuta 'yan layuka da Python, muka ce a shimfiɗa lokaci a kwance, tsayi a tsaye, ƙarfin amsa kuwa a nuna shi da launi. In harafi ɗaya ya kuskure, na'ura ta ƙi ke nan, ba ta jin lallashi. Yamma uku na yi ina fama, sau biyu a na ɗauke wuta ban adana aikina ba.

A rana ta huɗu hoto ya fito, ja wur daga ƙasa har sama. Na ruga wurin Malam, na ce, "Ranka ya daɗe, ga hadari ya cika sararin Yamai!" Ya duba, ya ce, "Ka karanta kan fayil kuwa?" Na koma na karanta. Ashe inda na'ura ba ta sami awo ba, a kan rubuta -9999. Ni kuwa na bar wannan lamba cikin lissafi, ta ja ma'aunin launi ƙasa ƙwarai, har dukan awon gaskiya ya taru a launi guda. Saura kaɗan in kai wa yara ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta fari muni domin tana da ado. A nan kuma na gane agogon fayil na UTC ne, wanda ke bayan namu da awa guda.

Da na gyara, na zana wata ranar bazara. Hoton radar ya fito kusan wayam, sai ɗige-ɗige kusa da ƙasa. Na lidar kuwa ya nuna wani abu mai kauri ya hau har wajen kilomita 4. Na ce lalle ɗaya na ƙarya. Malam ya ce ko ɗaya. Radar manyan abubuwa ta ke ji: in faɗin ɗigon ruwa ya ninka biyu, amsarsa ta kan ninka sau 64. Ƙura ta yi mata ƙanƙanta, ɗige-ɗigen nan kuwa ƙwari ne masu tashi. Lidar tana ganin ƙura da ƙananan ɗigo sarai, amma ba ta iya keta gajimare mai kauri, kamar tocila cikin hazo. Shi ya sa masana ke haɗa su. Taurarin ɗan'adam CloudSat mai radar da CALIPSO mai lidar tare aka harba su ran 28 ga Afrilu, 2006, suka yi aiki har 2023. EarthCARE da aka harba a 2024 yana ɗauke da duka biyu.

Wata ranar damina ce ta ba ni amsar yarinyar. Ƙananan gizagizai suna wajen kilomita 1 zuwa 2 daga ƙasa, kan hadari kuwa ya wuce kilomita 12. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani layi a kwance, tsakanin kilomita 4 da 5. Sama da shi ƙanƙara ce ke saukowa a hankali, a nan ta ke narkewa, ta zama ruwa, ta ƙara gudu. Ashe yawancin ruwan hadarin da ke shayar da accarmu da ƙanƙara ya fara!

Na buga hotunan a takarda, na nemi izini wata Jumma'a, na hau mota zuwa ƙauyen. Na tsaya gaban aji, na ce, "Ku buɗe littattafanku, ku soke abin da na gaya muku. Gajimare ya kan sauko kan dutsenmu cikin Agusta, amma mafi ƙasa ke nan." Aji ya yi tsit, ba su taɓa jin malami ya ce ya yi kuskure ba. Can sai yarinyar nan ta sake ɗaga hannu, ta ce, "Malam, to nauyinsa fa?" Na ce, "Ban sani ba tukuna, amma zan bincika." Ta rubuta wannan ma.

'Yan'uwana ɗalibai da za ku fita gwaji a zango mai zuwa, matambayi ba ya ɓata. In kuna son ganin hotunan, suna manne a bangon ɗakin Labarin Ƙasa, har da jan nan na farko, gama Malam ya hana ni cire shi.