Kafin ka ɗora bulo, duba gaɓar rafi

A daminar bara katangar bayan gidanmu ta rufta cikin rafi, can ƙauyenmu tsakanin Karaye da Rogo. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, sai rumbu ɗaya da awaki biyu.

Da rani ya shigo, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi za mu sake ginin da bulo. Magini ya ce a cike gaɓar da ɓaraguzai, har mu samu filin ɗaki guda. Wallahi na ji daɗi. Sai Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, ruwan da za ka tare, gidan wa kake so ya shiga?" Na yi tsit, don a tsallaken rafin akwai gidan maƙwabta.

Gaskiya ya faɗa. Muna yara gaɓar nan cike take da jema da gamba da itatuwa. Mu muka sare su, mu muka zuba ido masu tifa suna kwasar yashi har gindin katanga. To laifin ruwa ne?

Sai muka ja ginin baya taku goma. Muka sassaƙe gaɓar ta koma gangare, muka jera duwatsu inda ruwa yake duka. Da ruwan farko muka dasa jema layi-layi, don saiwarta tana nitsawa ta riƙe ƙasa, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Dagaci ma ya hana ɗibar yashi a wajen.

Ɗakin da muka rasa, ƙanena ne ya so ya sa amaryarsa a ciki. Har yau bai gama hucewa ba. Amma bana rafin ya cika maƙil, gefe ɗaya kawai ya zaizaye, shi ma mun gyara.

Ku tuna fa, ƙasar da take zubewa daga rafukan yankinmu ba ɓacewa take ba. Da yawanta dam ɗin Challawa take tafiya, wanda aka kammala a 1992, ta zama laka ta rage masa ciki. Mun ga Maiduguri a Satumbar 2024, mun ga Mokwa a Mayun 2025. Kada mu jira namu.

Duk mai gini a bakin ruwa, don Allah ka bar wa ruwa hanyarsa. Allah Ya tsare mu.