Kayan Aiki Ko Kayan Kwalliya: Abin da Ya Faru da MacBook Pro Daga 2016 Zuwa 2021

A ranar 27 ga Oktoba, 2016, kamfanin Apple ya tara manema labarai a hedikwatarsa da ke Cupertino, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya gabatar musu da sabuwar MacBook Pro da aka sake wa fasali tun daga tushe. Kyau dai babu gardama, ta yi. Kaurin mai inci 15 ya sauko daga milimita 18 zuwa 15.5, nauyinta ya ragu, allonta ya ƙara haske. A saman madannanta kuma, inda aka saba ganin jerin maɓallan F1 zuwa F12, an shimfiɗa wani siririn allon taɓawa mai suna Touch Bar. Farashin babbar ya fara daga dala 2,399.

Kalmar Pro da ke jikin sunan alkawari ce ga masu cin abinci da kwamfuta: masu haɗa fim, masu ɗaukar hoto, masu rubuta manhaja, masu tsara gine-gine. Kyan alkawari kuwa cikawa. Shekaru biyar da suka biyo baya sun nuna inda aka cika shi da inda aka saɓa.

Abin da ya fara tayar da ƙura shi ne kafofin da ake soka waya. An cire kafar USB da kowa ya sani, an cire HDMI da ake haɗa majigi da ita, an cire ramin katin SD da masu kyamara ke kwashe hotuna ta cikinsa. An kuma cire MagSafe, cajar nan mai maganaɗisu wadda ke saki da kanta idan wani ya yi tuntuɓe da wayarta, maimakon ta jawo kwamfutar ƙasa. Duk an maye gurbinsu da kafofin USB-C huɗu, a ƙaramin samfurin ma biyu kacal. Har ta kai wanda ya sayi iPhone 7 a wannan kakar ba zai iya haɗa ta da sabuwar kwamfutar da wayar da ta zo cikin kwalinta ba sai ya nemi adafta. Ƙorafi ya yi yawan da cikin 'yan kwanaki Apple ya rage farashin adaftocinsa na ɗan lokaci.

Na biyu shi ne RAM, wato filin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. An tsaya a gigabait 16, kuma a manne take da allon cikin injin, ba ta ƙaruwa. Phil Schiller, shugaban sashen talla na kamfanin a lokacin, ya bayyana cewa wuce wannan adadi zai buƙaci wata irin RAM mai shan wuta sosai, batir kuma ba zai jure ba. Bayanin gaskiya ne, sai dai bai cika ba, domin kamfanin da kansa ne ya rage batirin babbar kwamfutar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu don jikinta ya sirance. Da an bar kaurin yadda yake, da an sami wurin ajiye batirin da zai ɗauki nauyin.

Na uku, wanda ya fi kowanne cin rai, shi ne madannai. A ƙarƙashin kowane maɓalli na yawancin kwamfutoci akwai ɗan ƙugiya mai siffar almakashi. Apple ya sauya shi da wani mai buɗewa kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, wanda ya fi kwanciya, bai kuma bar wa maɓallin wurin nutsewa sosai ba. Matsalar ita ce ƙwayar ƙura ɗaya ko ɓurɓushin biskit na iya maƙalewa a ciki, sai harafi ya ƙi fita, ko ya fito sau biyu. Gyaran kuwa ba na maɓalli ɗaya ba ne. Madannan a haɗe suke da murfin saman kwamfutar da batirinta, don haka sau da yawa sai an canja su gaba ɗaya a kan ɗaruruwan daloli, mai ita kuma ya yi kwanaki hannu rabbana. A watan Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye. A watan Maris na 2019, Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta wallafa sharhi da gangan babu haruffan da suka mutu a kwamfutarta, abin da ya sa Apple ya fito ya ba da haƙuri. A 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka.

Adalci shi ne a faɗi inda Apple ya yi daidai. USB-C ta zama kafar duniya. Yau waya da kwamfuta da kyamara duk da ita suke caji, iPhone ma ta koma kanta a 2023. Kafa ɗaya da ke ɗaukar wuta da hoto da bayanai lokaci guda ci gaba ne na haƙiƙa. Kuskuren yana wajen wanda aka ɗora wa kuɗin hijirar. Ƙwararre yana aiki ne da kayan da ke gabansa yau: majigin ɗakin taro da aka saya shekara shida da suka wuce, filashin abokin ciniki, katin kyamarar da aka ɗauki biki da ita jiya. Kwamfutar 2016 an ƙera ta ne don duniyar da ba ta iso ba tukuna, aka bar mai saye ya cike tazarar da jakar adafta.

Touch Bar ma haka. Mai rubutu da sauri ba ya kallon yatsunsa, hannunsa ya haddace wurin kowane maɓalli kamar yadda ƙafar tela ta san fedar kekensa. Allon da maɓallansa ke sauya wuri gwargwadon manhajar da aka buɗe yana tilasta ido ya sauko. Masu rubuta manhaja, waɗanda ke danna Esc ba adadi a yini, su suka fi jin zafin rasa shi a matsayin maɓalli na gaske.

Kamfanin bai taɓa tsayawa ya ce tsarin gaba ɗaya kuskure ne ba, amma kayansa sun faɗa a madadinsa. A Nuwamban 2019 ya fitar da mai inci 16 da madannan almakashi da maɓallin Esc. A ranar 18 ga Oktoba, 2021, ya gabatar da masu inci 14 da 16 waɗanda suka dawo da MagSafe da HDMI da ramin SD da jerin maɓallan F, aka ajiye Touch Bar. Sun fi na da kauri, sun fi nauyi, kuma ƙwararrun da suka shekara biyar suna guna-guni suka karɓe su hannu bibbiyu. Gaskiya ne furosesa ta M1 Pro da M1 Max da Apple ya ƙera da kansa ta magance zafi da shan batir da ta Intel ke jawowa, amma ramin SD da maɓalli mai lafiya ba su jira wata sabuwar fasaha ba. Shawara ce kawai aka sauya.

Wannan tarihi bai wuce ba ga mai saye a Najeriya ko Nijar. Kwamfutocin 2016 zuwa 2019 su ne yanzu ke kwarara cikin kasuwar tokumbo, a Computer Village ta Ikeja da Banex ta Abuja da shagunan Kano, da jiki sumul da farashi mai jan hankali. Wa'adin gyaran kyauta ya riga ya ƙare musu, kuma madannan da suka kasa jure ƙurar ofis a Amurka za su gamu da ƙurar hunturu. Apple ya kuma sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga kwamfutocinsa masu furosesar Intel. Wanda zai sayi irinsu ya duba shekarar ƙira kafin ya duba launi, ya buɗe shafin rubutu ya danna kowane harafi sau da yawa a gaban mai shago.

Ma'aunin da ya dace da kowace kwamfutar da aka kira ta ƙwararru, ta Apple ce ko ta Dell ko ta Lenovo, tambayoyi ne uku. Za ta haɗu da kayan da mutum yake da su a yanzu? Za ta riƙe ƙarfinta bayan awa biyu tana aiki mai nauyi, ko sai ta yi zafi ta rage gudu? Idan ƙaramin abu ya lalace a jikinta, kwana nawa za a yi ba aiki, kuma nawa za a biya? Milimita biyu da rabi da aka aske a 2016 ba su amsa ko ɗaya daga cikinsu ba.