Daga Sillen Kara Zuwa Buhun Gero

Gabatarwa

Tun ranar da muka shigo wannan Sashe malamanmu suke nanata mana cewa harshe madubin al'umma ne, watau duk abin da jama'a suke so ko suke ƙi, in an bi sawu za a tarar da shi kwance cikin kalmominsu. Na daɗe ina rubuta wannan magana a takardar jarrabawa ina cin maki da ita, ba tare da na tuna cewa ni kaina na ɗanɗana kuɗata a hannun kalmomi ba. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in ba da labarin wasu laƙabobi biyu da aka yi mini, da irin abin da suka sa na yi wa jikina, ko Allah ya sa wata 'yar'uwa ta karanta ta kiyaye. Na san magana ce wadda ba a saba yi a fili ba, to amma Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sillen Kara

Ni dai siririya na tashi. A gidanmu, kamar sauran gidajen unguwarmu, ƙiba alama ce ta hutu da kwanciyar hankali. In amarya ta zo ganin gida, abin da ake fara dubawa shi ne kumatunta. In ta murje ta yi ɓul-ɓul, sai a ce gidan miji ya karɓe ta. In kuwa ta rame, sai a shiga ƙus-ƙus, wannan ta ce kishiya ce, waccan ta ce uwar miji, wata ta ce ai mijin ne marowaci. A cikin irin wannan gida aka laƙaba mini suna Sillen Kara, har yaran maƙwabta suka ɗauka.

Ina da shekara 17, ana shirin bikin yayata, sai gwaggona ta dube ni ina ɗaura zane ta ce, "'Yar nan, wa zai ɗauki ƙashi da rai? Zane ma ba ya zama a ƙugunki." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, domin ba a yi wa gwaggo fushi. Amma a daren nan ban runtsa ba.

Bayan biki da mako guda wata ƙawata ta raka ni wani ɗan kemis, aka ƙullo mini ƙwayoyi a leda, babu kwali babu suna. Sha-ka-fashe ake ce musu. Sai daga baya na san cewa iri biyu ne aka haɗa. Ɗaya siforoheftadin ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini, wanda yake buɗe ciki ya kuma sa barci. Ɗayan kuwa deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likitoci suke bayarwa saboda kumburi da asma da makamantansu. In aka daɗe ana shansa yakan tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta.

Cikin wata biyar fuskata ta zama kamar faranti, nankarwa ta tsattsaga mini cinya da damtse, ga ƙuraje, ga ciwon ciki mai hana ni sakat. Duk da haka da gwaggo ta gan ni sai ta ce, "Masha Allah, yanzu kika zama mace." Allah ya taimake ni Inna ta tsinci ledar a ƙarƙashin matashina, ta tasa ni gaba sai asibiti. A can likita ya ce ba a barin irin wannan magani farat ɗaya, sai a hankali ana ragewa, in ba haka ba jiki yana iya rikicewa har a rasa rai. An rabu da ƙwaya, amma ƙibar ta zauna, domin cikin da aka buɗe bai rufe ba.

Buhun Gero

Da wannan jiki na shigo jami'a, ina ganin na cika mudun da aka auna mini. Ashe a nan wani mudun ake awo da shi. A ɗakin kwanan ɗalibai na tarar kowa riƙe da waya, ana kallon hotunan mata masu shafaffen ciki da siririn ƙugu, ana tallar shayin rage ƙiba da ɗamarar matse tumbi ɗaki-ɗaki. Ran nan muna turereniyar shiga lacca, sai wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a ba Buhun Gero hanya." Aka yi dariya, irin dariyar nan dai ta ranar bikin yayata, sai dai wannan karon ban iya taya su ba.

Daga ranar na ɗaura yaƙi da abinci. Na fara da barin tuwon dare, na koma barin karin kumallo, har ya zamana loma kaɗan nake yi a yini, ita ma ina yi ina jin kamar na aikata zunubi. In abokan ɗakina suka ce in sa hannu, sai in ce azumi nake. Da fari Litinin da Alhamis ne, daga baya ya zama kusan kullum. Suna yaba mini yawan ibada, alhali Allah ya san ba don shi nake yi ba, kuma har yau wannan ƙarya ita ta fi ci mini rai. Gashina ya riƙa zuba a mataji, al'adata ta ɗauke wata huɗu, ina jin sanyi a tsakiyar zafin Afrilu. Abin mamaki, tufafina duk sun yi mini yawa, amma in na tsaya gaban madubi Buhun Gero nake gani.

A shekarata ta biyu, ana tsakiyar jarrabawa, jiri ya ɗebe ni na faɗi a bakin famfo. Abokiyar ɗakina ta kai ni asibiti. Bayan an ƙara mini ruwa, wata likita ta zauna a gefen gadona ta tambaye ni, "Ƙanwata, yaushe rabonki da ki ci abinci ki ƙoshi, ba tare da kin ji kin yi laifi ba?" Na buɗe baki in ce azumi, sai kuka ya ƙwace mini. A bakinta na fara jin cewa abin da nake yi ciwo ne, yana da suna, kuma ana warkewa.

Sunan Ciwon

Ciwon ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba shi likitoci suke kira anoreksiya, sunan da wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa masa a 1873. Yana da ɗan'uwa, bulimiya, wanda Gerald Russell ya bayyana a 1979, inda mai ciwon take cin abinci babu ƙaƙƙautawa sannan ta tilasta wa kanta fitar da shi. Duka biyun ciwon tunani ne masu cin jiki. Yawan amai yana zaizaye haƙora, yana kuma zubar da gishirin da zuciya take bukata don ta buga daidai. Anoreksiya kuwa tana cikin cututtukan tunani da suka fi kisa. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter ita ta yi ajalinta a 1983, tana da shekara 32. Gimbiya Dayana ta Ingila, duk da sarauta da dukiya, ta faɗa da bakinta a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da bulimiya.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ciwon Turawa ne, 'ya'yan hutu. Ni ma haka na ɗauka, sai da na ji labarin tsibirin Fiji. Mutanen Fiji kamar mu suke, cikar jiki suke so, rama kuwa abin damuwa ce a wurinsu. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu, yana nuna finafinan Amurka da makamantansu. Wata likita mai suna Anne Becker ta binciki 'yan matan sakandare a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya mai tilasta wa kanta amai don rage jiki ba. Da aka sake binciken a 1998, sai aka sami kimanin 11 cikin 100. Shekara uku kacal. To, in akwatin talabijin da ke ajiye a falo ya yi wannan aiki, ina ga wayar da muke kwana da ita a hannu? A 2021 wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook sun fito fili, inda masu bincikensa suka nuna cewa Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Faransa kuwa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar mai tallar da kwamfuta.

Mu a nan nauyinmu biyu ne. Tsohon mudu yana nan a gida, sabo yana nan a waya, yarinya guda kuma ake so ta cika duka biyun. Shi ya sa za a ga sha-ka-fashe da shayin rage ƙiba a jaka ɗaya. Daɗin daɗawa, a ƙasar da magidanta suke fama da tsadar hatsi, wace yarinya ce za ta iya buɗe baki ta ce ga abinci amma ta kasa ci? Kunya kaɗai ta isa ta rufe mata baki.

Abin da Harshe Ya Nuna

Da na koma ga darasin malamanmu, na zauna na lissafa kalmomin da muke siffanta jikin mace da su. Ga ramammiya muna da tsinke, da sillen kara, da ƙashi da rai, da a-hura-ki-faɗi. Ga mai jiki muna da randa, da tulu, da buhu, da lukuta, da jibgegiya. Kalmomin zambo sun cika kwando ta kowane ɓangare. Amma ciwon da suke haifarwa, ban sami sunansa da Hausa ba. In yarinya ta daina cin abinci sai mu ce tsirfa ce, ko iyayi, ko soyayya ce take cin ta, in abin ya yi tsanani mu ce sammu ne ko iska. Ciwon da ba shi da suna kuwa da wuya a kai shi asibiti da wuri. Ina ganin wannan aiki ne da ya rataya a wuyan Sashenmu, malamai da ɗalibai, mu zauna da likitoci mu samar wa waɗannan cututtuka sunayen da inna da gwaggo za su ji su gane.

Kammalawa

Ban warke dare ɗaya ba. Na yi fiye da shekara ina zuwa wurin likitar tunani da mai ba da shawara kan abinci, abokiyar ɗakina kuma ta ɗaukar wa kanta cewa ba za ta ci ba sai mun ci tare. Har yanzu akwai ranakun da madubi yake so ya yi mini ƙarya, sai dai na gane muryarsa.

Roƙona ga iyayenmu mata shi ne su san cewa wasan da suke yi da jikin yarinya a tsakar gida ba a nan yake tsayawa ba. Ga 'yan'uwanmu maza ɗalibai, wanda ya kira ni Buhun Gero na tabbata ya manta, ni kuwa na kwanta asibiti. Ga 'yan'uwana mata, in kika ga ƙawarki kullum tana da dalilin ƙin sa hannu a kwano, tana zubewa tana cewa ta yi ƙiba, ko kika ga fuskarta tana kumbura ga ƙullin ƙwaya a jakarta, kada ki yi mata tsiya, kada kuma ki yi shiru. Ki ja ta a jiki, ki raka ta asibiti.

A hutun da ya wuce na je gaida gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, boko ya tsotse ki, kin koma gidan jiya." Na ce, "Gwaggo, lafiyata lau. Zubo mini tuwon nan, a sa man shanu." Na ci na ƙoshi, na sha ruwan randa, na yi hamdala. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.