Sarkin Yamma: ƙafar keke daidai da hanyar ƙauye

Sarkin Yamma tana yamma da birnin Maraɗi, ƙetaren gulbi, cikin gundumar Madarunfa. Tun shekarar 2002 ta zama ƙaramar hukuma mai kanta, tana maƙwabtaka da Safo da Tsibiri. Mutanenta manoma ne: hatsi da dawa da wake da gujiya a jigawa, kayan lambu a fadama. Abin da aka noma kuwa sai an kai shi kasuwa. Mai amalanke ya ɗaura, mai babur ya sayi mai, talaka ya hau keke.

Hanyoyin ƙasar ba su da tausayi. Da rani rairayi ne da ƙaya, da damina laka da ruwan gulbi. Shi ya sa a wajen nan ba a tambayar kyaun keke, ƙafarsa ake dubawa. In ƙafa ta karkace da buhu a baya, kasuwa ta watse kahin mutum ya iso. In mara lahiya aka goyo za a kai shi likita, abin ya hi haka muni.

Dattawa suna tunawa da Raleigh na Ingila, wanda har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Bayansa Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada. Da Najeriya ta ruhe iyaka a 2019 zuwa 2020, kayan da ke biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya. Irin wannan ne ya koya wa mutane cewa gyara ya hi saye. Saurayi kan sami tsohon keke, ya sayar da ƴan tiyoyin wake bayan kaka, ya tahi Maraɗi ya sayo kaya, ya zauna gindin mai faci su ɗaura ƙafa da hannu.

Ga abin da masu sana'ar suke duba.

Na farko, gare. Babban keke yana ɗaukar mai inci 28. Na ƙarhe ya hi nauyi, amma in ya lanƙwashe ana iya miƙe shi a ƙauye. A aza shi bisa daɓe mai kyau: in wani gehe ya tashi, a bar shi.

Na biyu, cibiyar ƙafa. A ƙirga hudojinta, a ƙirga na garen. In wannan 36 ne, wancan ma ya zama 36. Tsofaffin kekunan Ingila suna da 32 a gaba, 40 a baya, don kaya a baya suke. Mai haɗa 40 da 36 ya yi asarar kuɗɗinsa. Tsohuwar cibiya ba laihi ba ce, in dai cikinta bai ci ba. Sai a sa sabon boris da giris.

Na uku, wayoyi. Nan ne ba a rowa, don araha ba ta ado. A tahi da tsohuwar waya a gwada tsawo. Gajera ba ta kama, doguwa tana huda robar iska. A ƙara biyu ko uku na ajiya.

Wajen ɗauri, kowace waya tana gitta uku. Ana ɗaurewa kaɗan kaɗan, ana zagayawa, ana juya ƙafar ana duban inda take rawa. Mai gaggawa ya ɗaure gehe guda tam, ƙafa ta zama ƙwai. In an gama, a yanki tsohuwar roba a shimhiɗa cikin garen, ta ruhe kawunan wayoyi. Bayan mako guda ana hawa, a sake dubawa.

In kuɗɗi ba su isa ƙafa biyu ba, a fara da ta baya, ta gaba ta jira wata kaka.

Aikin nan yana son ƙirga da awo. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci yana karanta lambar da ke jikin taya, yana rubuta abin da ya kashe, ba a cutarsa a kasuwa. Samarin Sarkin Yamma su riƙe wannan: sana'a goma maganin mai gasa.