Daren da muka ɗaure ƙanenmu da igiyar guga

Mun daɗe muna ɓoye wannan labari. Yau mun yanke shawarar faɗinsa, saboda mun san ba gidanmu kaɗai ya taɓa shiga irinsa ba.

Cikin bazara ne, lokacin da zafin Zinder ke hana kowa kwana a ɗaki. Ƙanenmu, ɗan kabu-kabu mai shekara 24, ya yi kwana biyar bai runtsa ba. Yana ta surutu shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Muka ce aljanu ne, aka kawo rubutu da hayaƙi. A dare na shida ya ɗauki taɓarya ya tsaya ƙofar gida, ya ce duk wanda ya matso zai fasa masa kai. Kafin ka ce kwabo ƴan fada sun taru, yara sun hau katanga, wasu har sun kunna fitilar waya suna ɗaukar hoto. Samari huɗu suka danne shi a ƙasa, mu kuma da hannunmu muka kwanto igiyar guga muka ɗaure shi. Inna tana kuka tana cewa, «Ku yi masa a hankali, ba ɓarawo ba ne.» Wani ya kira 17.

Ƴan sanda sun zo, kuma wallahi ba mu ga laifinsu ba. Sun tarar da taro, da makami, da mutum mai fizge-fizge, sai suka yi abin da aka koya musu: ankwa, mota, komisariya. Can ya kwana tare da waɗanda aka kama da sata. Da safe aka ce mana wannan ba aikinsu ba ne, mu kai shi likita. Gaskiya suka faɗa. Sai dai kafin a kai ga gaskiyar, yaron ya samu targaɗe a kafaɗa, igiya ta yanke masa wuyan hannu, kuma duk kartiye ta gan shi a ɗaure. Ciwon ya lafa cikin ƴan makonni da aka ɗora shi kan magani. Sunan «mahaukaci» kuwa har yau bai bar shi ba, har auren da ake shiryawa ya watse.

Bayan wata takwas ya daina shan magani, ciwon ya dawo. Wannan karon Allah ya sa wani maƙwabcinmu, tsohon majo da ya yi ritaya, yana gida. Mun sake kiran ƴan sanda don akwai wuƙa a hannun yaron, amma majon ya roƙe su su tsaya daga bakin zaure. Ya kori taro, ya sa aka kashe fitilu, ya ce mutum ɗaya kaɗai zai yi magana. Ya zauna a kan turmi nesa kaɗan da shi, bai tare masa ƙofa ba. Ya kira shi da sunansa, ya ce, «Ɗana, kwana nawa ba ka yi barci ba? Ka gaji ko?» Bai yi masa gardama kan mutanen da yake gani ba. Aka yi kusan awa guda. Daga ƙarshe yaron ya ajiye wuƙar, ya sha ruwa, ya shiga adaidaita da ƙafarsa, Inna a gefensa. Ɗan sandan da ke zaure bai taɓa shi ba, amma tsayuwarsa ce ta hana samari kutsowa, ita ce kuma ta ba majon ƙarfin gwiwar zama.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu: me ya sa abin da ya ceci ƙanenmu ya zama sa'a kawai? Da majon ya tafi ƙauye ranar fa?

Wannan tambaya wasu ƙasashe sun riga mu yin ta, kuma da jini suka koya. A birnin Memphis na Amurka, a 1987, ƴan sanda suka harbe wani matashi mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa, bayan mahaifiyarsa ce ta kira su neman taimako. A 1988 birnin ya fara ba wasu zaɓaɓɓun ƴan sanda horon awa 40 kan yadda ake tunkarar mai irin wannan ciwo. A Los Angeles, tun 1993, ana haɗa ɗan sanda da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a mota ɗaya su amsa kira tare. Ingila ma ta bi sahu, inda nas ke fita da ƴan sanda ko ta ba su shawara ta waya. Birnin Denver ya ƙara gaba a 2020: idan babu makami, ma'aikatan lafiya kaɗai ake turawa. A wata shida na farko sun amsa kira sama da 700, ba a kama mutum ko ɗaya ba.

Za ku ce ai wannan Amurka ce, mu ina muka ga motar? Haka ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ba su da yawa, kuma mafi yawan ƙwararru suna Yamai, inda Pavillon E yake, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Mutumin Tanut ko Gure ko Magarya, zuwa babban asibitin Zinder ma tafiya ce. Amma ku duba abin da majon ya yi aiki da shi daren nan: turmi, kofin ruwa, da sani. Sanin nan shi ne ba ya zuwa tare da igiya ko ankwa. Ma'aikacin lafiya ya san cewa ba duk mai fizge-fizge ne mai taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana sa haka, sanƙarau yana sa haka, farfaɗiya, faɗuwar sukari, da tramol da ya addabi samarinmu. Mai jego ma takan rikice bayan haihuwa. Mai sanƙarau idan ya kwana a kulle, da safe gawa za a iya tararwa. Kuma danne mutum rub da ciki, a hau bayansa, kamar yadda aka yi wa namu, yana iya tsayar da numfashi.

Ba kuma sai mun jefar da abin da muke da shi ba. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don a koya wa nas da likitan da ba ƙwararre ba yadda zai gane waɗannan cututtuka ya kuma fara maganinsu. Mu a Damagaram muna da masu unguwa, muna da dogaran Sarki, muna da limamai da malaman da su ake fara kai wa marar lafiya. Addu'a ba ta hana allura, allura ba ta hana addu'a. Turu da mari ne kawai ba su da gurbi.

Abin da muke roƙo ƙarami ne. A samu lambar waya ɗaya ta ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa mai gadin dare, a manna ta a kowace komisariya, a wurin jandarma da ƴan pompiye, a kuma ba kowane mai unguwa daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara. Idan an kira 17 ko 18 aka ce mutum ya rikice, a kira shi ma, ko da ta waya zai jagoranci aikin. Idan babu laifin da aka aikata, mota ta nufi asibiti kai tsaye. Ɗaliban makarantar lafiya ta ENSP da ke garin nan da sabbin ƴan sanda su zauna aji ɗaya ko na kwana biyu ne, su san juna kafin daren tashin hankali.

Mu kuma jama'a akwai namu kason. Idan haka ta faru a kartiyenku, ku janye yara, ku mayar da waya aljihu, ku bar wanda marar lafiyan ya fi yarda da shi ya yi magana. Kuma kada ku jira dare na shida kamar yadda muka yi. Rashin barci na kwana biyu ko uku da surutai marasa kan gado sun isa a tafi likita.

Ƙanenmu yana nan lafiya, yana shan maganinsa, ya koma kan babur. Tabon igiyar yana wuyan hannunsa, kuma mu muka yi masa shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya rufa mana asiri baki ɗaya.