Oba-oba da Duwatsun Kazaure

Hausawa sun ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. To, haka abin yake ga oba-oba, na'urar nan da 'yan sanda da 'yan sintiri suke magana da ita ba da layin waya ba. Ma'aikacin da yake saita ta a ƙasar Kazaure ya fi kowa sanin gaskiyar wannan karin magana.

Yakan jona kowace na'ura da kwamfuta, ya rubuta mata zangon da za ta yi magana a kai, da wani sauti na ƙasa-ƙasa wanda shi ne mabuɗin kunnenta. Idan lamba guda ta kauce, mutumin Gwiwa zai yi ta kira, na Roni yana riƙe da tasa shiru, alhali kuwa ɓarayi suna kora shanu.

Sa'an nan ga duwatsu. Zangon VHF, wato megahaz 30 zuwa 300, a miƙe yake tafiya kamar ganin ido, tudu yakan tare shi. Saboda haka akan kafa na'ura mai maimaita magana a kan dutse, ta karɓa a wani zango, ta saki a wani. Wajibi ne kowace oba-oba ta san duka biyun.

Babura kuwa tana bakin iyakar Nijar, iska kuma ba ta san shinge ba. Don haka ba ya zaɓen zango da ka, sai wanda hukuma ta ba da lasisinsa.

Ba a jin muryarsa ranar tashin hankali. Amma duk muryar da ta isa a kan kari, ta hannunsa ta bi.